Naman da Muka Binne a Siuraq

Ottawa, 9 ga Yuni

Ƙanena Qillaq,

Ina gaishe ka da kyau, kai da uwargida Naullaq da duk jikoki. Yaya gwiwa? Na ji labarin ka ajiye maganin tun da aka shiga watannin da rana ba ta faɗuwa a can arewa, wai ciwon na lokacin duhu ne. Ba haka likita ta rubuta ba. Ka koma ka sha. Ni lafiyata ƙalau, in ban da zafin garin nan da ya faɗo ban shirya ba.

Yarinyar da muke haya tare ta leƙo takardar nan ta ce, "Ƙanenki ne har da jikoki?" Na ce mata ka kusa saba'in, kuma ɗan baffan kakata ne kai, amma sunan marigayi yayanka Uyarak aka sa mini, saboda haka a al'adarmu ni ce shi ya dawo, ni ce babba. Ta ce, "To ai sai ki yi ta ba shi umarni." Na ce aikin ke nan.

Yanzu ka zauna kafin ka ci gaba. Gidauniyar da na nemi tallafinta ta amince da takardar da na rubuta wa ƙungiyar mafarautanmu. Za su biya fetur da harsashi da guzuri da gyaran injin jirgin ruwanka, a fita farautar dorinar teku ta gari duka a bana. A tsaye cikin bas na karanta amsar, na sake karantawa a gida don kada ya zama idona ne. Ban yi wata biyu da karɓar digiri ba, ga shi takarda ta farko da na sa wa hannu ta wuce.

Amma akwai sharaɗi, yana shafi na huɗu. Dole naman ya isa gidaje, musamman na tsofaffi da na matan da ba su da mai yi musu farauta, kuma in aika rahoto da hotunan rabo kafin ƙarshen Oktoba. Idan rahoton ya gamsar da su, za su ci gaba da biya har shekara uku. Idan bai gamsar ba, bana ce ta farko kuma ta ƙarshe. Na rubuta musu cewa za a sa naman a ɗakin sanyi na gari, a raba gida-gida.

Abu biyu kuma. Kowa ya sa rigar hana nutsewa, har da amininka Kublu, ko da zai ce tana matse masa tumbi. Sannan a yanke harshen kowace dorina a aika ɗakin gwaji kafin kowa ya ci ɗanye, saboda tsutsar nan mai sa ciwo.

Yayanka,
Uyarak

Ugliarjuk, 20 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, tunda ke ce babba. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi. Naullaq tana jefa mini maganin a shayi, tana zaton ban sani ba.

Wasiƙarki a rediyon gari na karanta ta. Ina zuwa wajen fetur waya ta fara kuka, kowa yana so ya yi magana, wata ma waƙa ta yi. Shekara uku ba a fita gaba ɗaya ba, kin sani, kowa sai ɗan abin da aljihunsa ya kai shi.

Jirgi huɗu muka fita. Kublu ya sa rigar. Naullaq ta tsaya a bakin ruwa ta ce, "Kublu, kada ka faɗa ruwa fa, kai za su fara harbi." Ya ce, "Ke dai je ki wasa wuƙa, tsohuwa, in na dawo ki gode mini." Hazo ya tsare mu a tsibiri har shayi ya kusa ƙarewa. Da ya yaye, kafin mu ga dorinai sai da muka ji warinsu, suna kwance a kan falalen ƙanƙara suna gurnani. Yaya, zuciyata ta koma ta saurayi. Guda biyar muka samu. Ba wadda ta nutse, don kowacce sai da aka cake ta da mashi mai igiya da jarka.

Da muka dawo gari duka yana bakin ruwa. Aka kafa tukwane a nan, kuma dafaffe muka ci kamar yadda kika ce. Atuat, wadda mijinta ya rasu bara waccan, ta riƙe haƙarƙari hannu biyu tana ci tana hawaye tana zagin Kublu wai ya hana ta mai kitse. Harsuna sun tafi a jirgin sama, amsa ta dawo, duka lafiya.

Sauran naman kuwa an yi masa abin da ya dace. Muka yanka da kitsensa, muka naɗe a fatar, mata suka ɗinke ƙunshi-ƙunshi, muka kai gaɓar Siuraq muka binne a tsakuwa, muka danne da manyan duwatsu. In Allah ya kai mu Kirsimeti za a ci igunaq, naman da ya nuna a binne, irin wanda aka daɗe ba a ci ba. Maganar ɗakin sanyin da kika yi, na san don takarda ta cika ne. Wa zai sa dorinar Agusta a firiza? Balle ma yana cike da kifi.

Ƙanenki,
Qillaq

Ottawa, 4 ga Satumba

Ƙanena,

Ina fatan kuna lafiya. Na yi murna ƙwarai da farautar, kuma na gode da maganar harsuna. Ni dai lafiya, amma ƙarshen wasiƙarka bai yi mini daɗi ba.

Ba don takarda ta cika na rubuta ba. Abin da na rubuta shi suka amince da shi, shi kuma za su nema. Da nake rubutun, yadda ake yi da barewa da kifi na sa a raina. Ina son igunaq fiye da kowa a zuriyarmu, amma ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa shi ba ya bin kalanda.

Na buga wa jami'ar da ke kula da takardarmu, Madam Odile, na tambaye ta a kaikaice ko ana ɗaga ranar rahoto. Ta ce, "Abincin da ya shiga gidaje cikin wa'adi muke biya, ba wanda zai shiga ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ƙa'idarsu ce, kuma tana shafin da na gaya maka.

Saboda haka ga abin da nake so. Ku je Siuraq ku tono ko da rabi, ku kawo ɗakin taro ku raba, a ɗauki hoto. Rabin ya isa ya nuna mun cika alkawari. Sauran ya jira Kirsimeti. Ina roƙonka kada ka yi dariya ka ajiye takardar nan a ƙarƙashin gwangwanin sukari. Shekara uku na fetur ne a kai. A matsayin yayanka nake magana.

Uyarak

Ottawa, 2 ga Oktoba

Ƙanena,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Na duba, jirgin sama ya sauka garin sau da yawa tun da na aika wasiƙa, ba hazo ba ne. Na buga wayar ofishin ƙungiya, tana ta ƙara ba mai ɗauka.

Idan maganata ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri. Na sake karanta kwafin da na ajiye, na ga na yi kaushi. Ban taɓa ɗinka ƙunshi ko ɗaya ba, na zo ina cewa a tono. Amma ko fushi kake yi, ka rubuto layi ɗaya. An tono ko ba a tono ba? Na buɗe shafin rahoto na rubuta sunan gari da kwanan wata, daga nan ban san abin da zan sa ba.

Yayanka mai jira,
Uyarak

Ugliarjuk, 11 ga Oktoba

Yayan miji,

Naullaq ce. Ina gaishe ki. Ƙanenki ba fushi yake yi ba, ba ya nan ne. Farin beyar, ƙaton naman dajin nan na ƙanƙara, ya gano naman da ke Siuraq, sai shi da Kublu da wasu suka kafa tanti can suna gadi, ofis ma a rufe. Wasiƙunki biyu na nan a kan firij har jiya, sai na gaji na buɗe. Da na gani na aika aka ɗauko shi. Ga shi, yana wari kamar kare, zai rubuta da kansa.

Yaya,

Lafiya lau nake. Ba za a tono ba. Ki saurara kafin ki tashi tsaye.

Naman nan yanzu ba ɗanye ba ne, kuma bai nuna ba. Wanda aka buɗe a tsakiyar hanya iska ta shige shi, ba ya komawa, kuma irin sa ne ke kwantar da gida guda a asibiti. Ke da kika sa muka aika harsuna har kudu, ba ke za ki ce a ba Atuat wannan ba. Ke kika koya mini ma, tun kina namiji mai gashin baki. Ina yaro na ɗaga dutse ɗaya don in leƙa, kika maka mini safar hannu a kunne.

An yi maganar a rediyo daren jiya. Kublu ya ce a fito da naman barewa daga ɗakin sanyi a jera, a ɗauki hoto daga nesa, wai mutanen kudu ba su san jan nama da baƙi ba. Atuat ta bugo ta ce, "Kublu, a hoton ma kai za a gane, don ƙarya tana sa ka gumi." Na ce sunan Yaya ke kan takardar, ba za a ɗora masa wannan ba.

Abin da ban gaya miki ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba, shi ne an riga an raba. Ranar binnewa kowane gida aka kira shi aka nuna masa nasa, tsofaffi da gwauraye a gaba. Kowa ya sa alama a kan tarin duwatsunsa. Atuat ƙyallen wuyan mijinta ta ɗaura. Yau muka kwashi mutane a jirgi, kowa ya tsaya kusa da nasa aka ɗauka. Hotunan suna cikin ambulan ɗin nan. Za ki ga Kublu a tsaye a bakin rami. Nasa ne beyar ya cinye, shi kaɗai, alhali tantinsa ya fi kusa. An yi dariya har da faɗuwa, sannan kowane gida ya ce zai yanka masa.

Ki kai musu abin da ke akwai. In sun ƙi, sun ƙi.

Qillaq

Ottawa, 24 ga Oktoba

Ƙanena da Naullaq,

Na gode Allah da kuna lafiya. Da na ga rubutun Naullaq a bayan ambulan sai da na zauna a matakala kafin in buɗe.

Na je wurin Madam Odile da kaina. Na goge rigata, na jera hotunan bisa sunayen gidaje, na haɗa da sakamakon harsuna da wata takardar bincike da na samo a laburare kan yadda sanyin tsakuwa ke nunar da nama a hankali. Ta ɗauki hoton farko ta daɗe tana kallo, sannan ta rage murya ta ce, "Uyarak, rasuwa aka yi?" Na ce a'a, abinci ne. Ta ce, "To me ya sa wannan yake tsaye a bakin kabari yana dariya?" Na ce Kublu ne, beyar ya cinye rabonsa.

Na yi mata bayani tun daga farko. Na ce maganar ɗakin sanyi tawa ce, ba ta gari ba. Ta yi tambayoyi masu yawa kuma masu kyau, har ta tambayi abin da ban sani ba na ce ban sani ba. A ƙarshe ta ce hoton duwatsu ba zai zama rahoton rabo ba, kwamiti ba zai karɓa ba. Amma tana da ikon ɗaga wa'adi sau ɗaya, zuwa ƙarshen Disamba, da sharaɗin ta zo ta gani da idonta. Idan naman ya shiga gidaje ana ci, za ta rubuta haka. Idan ya lalace, shi ma za ta rubuta.

Wannan ne ke damuna yanzu. Na duba bayanan yanayi, Satumban bana ya fi na shekaru goma da suka wuce ɗumi. Kana ganin ya kai tsakuwar? Ni ba zan samu zuwa ba, na kama aiki, kuma sabon ma'aikaci ba ya samun hutu a watanninsa na farko. Ku ba ta takalmi mai kyau, nata na birni ne. Kuma kada Kublu ya tsokane ta.

Uyarak

Ugliarjuk, 22 ga Disamba

Yaya,

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Kowa lafiya, sai ɗan tari da ke yawo. Tambayarki ta ɗumin Satumba ban amsa ba don ni ma ban sani ba, kuma ni ma ta hana ni sakewa.

Baƙuwarki ta zo. Naullaq ta cire mata takalmin nan ta jefa bayan ƙofa ta ba ta nata. Muka ɗora ta a bayan babur ɗin ƙanƙara muka tafi Siuraq da tsakar rana, duhu ne don rana ba ta fitowa yanzu, wata yana sama, fitilun babura sun yi layi a kan daskararren teku. Duwatsu sun manne, sai da ƙarfe muka ɓanɓare. Ita ma ta karɓi ƙarfen ta yi ta dukan dutse ɗaya har Kublu ya ce, "Madam, wannan ba namu ba ne, na Allah ne, tun farkon duniya yake nan."

Muka jawo ƙunsuna zuwa ɗakin taro. An shimfiɗa kwalaye a ƙasa, mutane sun cika har bakin ƙofa. Na sa gatari na fasa na farko, na Atuat. Kowa ya matso, har yara. Naullaq ta durƙusa ta yanko da wuƙarta, ta duba launin kitsen, ta shinshina, ta sa a baki. Ta yi ta taunawa tana kallon rufi. Matar nan ta san abin da take yi mana. Na ce, "Ke, yi magana mana." Ta haɗiye ta ce, "Wa ya ɗinka wannan?" Aka ce ke. Ta ce, "Shi ya sa." Sai ihu.

Ya yi, Yaya. Duka sun yi sai ƙunshi ɗaya na gefen ruwa da Naullaq ta ce a ba karnuka, kuma baƙuwar ta rubuta shi.

Atuat ta yanko ɗan siriri ta miƙa mata. Ta karɓa ta sa a baki. Idonta ya kawo ruwa, kunnuwanta suka yi ja. Kublu ya ce, "Ya kika ji, Madam?" Ta ce, "A garinmu akwai wani cuku da mijina ba ya yarda in shigo da shi gida. Wannan yayansa ne." Sai ta miƙa hannu aka ƙara mata.

Bayan nan ta bi mu gida-gida muna kai wa waɗanda ba su iya fitowa ba. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, tana ta rubutu da fensir don biro ya daskare. Da za ta hau jirgi na tambaye ta yaya ke nan. Ta ce ba ita ke yankewa ba, kwamiti ne. Fuskarta ban iya karanta ta ba, sanyi ya ƙame ta.

Qillaq

Ottawa, 19 ga Janairu

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin? Ni lafiyata ba ta taɓa kai ta yau ba.

SUN AMINCE. Shekara uku, fetur da harsashi da guzuri, kamar na bara. Ka karanta wannan a rediyo, amma a wannan karon ka kai ƙarshe kafin ka bari a bugo.

Madam Odile ta kira ni ofis ta gaya mini da bakinta. Ta ce wani a kwamitin ya ce idan aka ɗaga wa gari ɗaya, kowa zai nema. Ta ce masa to kowa mai binne nama ya nema. Na fito na rasa inda zan sa kaina, na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya.

Saura abu ɗaya, kuma ina so mu yi shi daidai. Za su gyara ƙa'idar don garuruwan da ke yin igunaq, sun ce in ba su ranar da za a riƙa karɓar rahoto. Ba na son in sake rubuta abin da ban tambaya ba. Daga binnewa zuwa tonowa, mako nawa ne? Idan ya danganta da sanyi, gaya mini mafi tsawo da ka taɓa gani. Ina bukatar abin da zan sa a layi ɗaya.

Yayanka,
Uyarak

Ugliarjuk, 1 ga Fabrairu

Yaya,

Muna lafiya, tari ya tafi, rana ta leƙo. Na karanta har ƙarshe. An yi rawa a ɗakin taro, na taka da gwiwar nan, yau ina kwance.

Tambayarki na kai ta rediyo. Kublu ya ce mako sha shida. Atuat ta ce ƙarya ne, ashirin. Wani ya ce ya danganta da tsakuwar, wani ya ce da kitsen. Aka kusa faɗa. A ƙarshe aka yarda ki rubuta ƙarshen Janairu, don mutanen kudu su samu abin sawa a kalanda.

Amma a ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙi, gari ya ce ki ƙara: sai Naullaq ta ɗanɗana.

Ƙanenki,
Qillaq